Igiyar Awon Ba Mala

Kaye, wato littafin rubutu, goma sha biyu gare ni a kan yaran Ba Mala, kowace shekara da nata. Sunana Nasidi, sakatare ne ni a biro, wato ofishin matasa da wasanni na Difa, aikina rajistar wasiƙu, wadda ta shigo da wadda ta fita. Amma duk ranar Asabar nakan hau taksin Shetimari bayan sallar asuba, agogon tsere rataye a wuyana, in tsaya bakin fili in rubuta lokacin da kowane yaro ya yi. Daga cikin waɗannan kaye na ɗauko labarin nan, don haka lambobin da za a gani ba daga ka na faɗe su ba.

Ba Mala Babarbare ne, haifaffen Shetimari, yau shekararsa hamsin da shida. Dogo ne siriri, hannuwansa duk tabon ƙunar salansa. Sana'arsa gyaran injin ban-ruwa, kuma duk mai gonar tattasai a wannan yanki na kogin Komadugu ya san rumfarsa, don in inji ya mutu a tsakiyar rani, kwana uku sun isa shuka ta sunkuya.

Yana da shekara sha bakwai aka kai shi Yamai tseren metir dubu biyar. Wani malaminsu, don son a ɗauke shi, ya rubuta masa a takarda lokacin da bai taɓa yi ba. Aka sa shi cikin gwanaye. Sau biyu suka zagaye shi a gaban jama'a, har mai buga ƙararrawa ya manta da shi, ya ƙare gudunsa ana kwashe kaya. Ya dawo gida bai ƙara shiga gasa ba. Da ya fara tara yara yana koya musu gudu, doka ɗaya ya kafa mini ranar da na fara riƙe masa agogo:

"Sakatare, abin da agogo ya faɗa shi za ka rubuta. Ko ɗana ne."

Filinsa wata fadama ce tsakanin gari da kogi. Kowace shekara in Komadugu ya cika yakan shafe ta, in ruwa ya janye sai Ba Mala ya sake zana da'irar gudu da toka. Da igiya yake awo, irin yadda manoma ke auna fangalin tattasai. Igiyar metir ashirin ce, ya yanko ta a kasuwar Difa shekarar da muka fara, a gabana aka auna ta. Shimfiɗa ashirin, metir ɗari huɗu ke nan, zagaye ɗaya. Sauran kwanakin shekara kuma da ita yake jawo injuna daga gangaren kogi, don Ba Mala ba ya ajiye abin da zai iya aiki.

Shekarun farko yaransa sun yi kyau. Daga baya sai abu ya fara ba mu mamaki. Da ido yaran sun fi na da gudu, amma agogo yana cewa sun fi su nauyi. A kaye na biyar kowa ya yi baya da kusan sakan ashirin. A kaye na takwas aka sake yin baya da fiye da haka. Muka ɗora laifin a kan zaman ɗar-ɗar na shekarun nan, da ƙarancin abinci, da wayar salula. Ba Mala ya ɗora a kan kansa. Ya canza horo sau uku, ya hana su shan shayi, ya kai su gudu cikin yashi. Agogo bai sauya magana ba.

Cikin wannan hali Yakaka ta zo. Ƴar wani manomin tattasai ce, tana kwaleji. Wata rana injinsu ya tsaya, aka aike ta kiran Ba Mala. Ya hau kekensa, ya ce ta biyo shi a hankali. Ya isa gonar, kilometir huɗu, ya waiga ya gan ta a bayansa riƙe da jakar sifanoninsa da ya manta a rumfa. Ranar da ya gama gyaran bai karɓi komai ba, ya ce wa mahaifinta a ba shi aron yarinyar duk Asabar.

Shekara uku tana gudun metir dubu uku, zagaye bakwai da rabi, ba takalmi. Ban taɓa ganin mai taku irin nata ba, ƙafarta ba ta daɗewa a ƙasa. Amma lokacinta mafi kyau, a kaye na goma sha biyu, shafi na tara, minti sha ɗaya ne da sakan ɗaya.

Ranar wata Litinin a watan Fabrairu wasiƙa ta shigo daga Yamai, ni na buga mata tambari, lamba ɗari da sha huɗu. Za a yi gasar matasa ta ƙasa da ƙasa, ta ƴan ƙasa da shekara sha takwas, a wani birni na bakin teku. Kowace jiha ta aiko da sunayen waɗanda za a gwada a Yamai. Yarinyar da za a kira a metir dubu uku sai ta yi minti goma da sakan ashirin ko ƙasa da haka. Ranar Juma'a za a rufe karɓar sunaye. Yakaka na cikin shekararta ta sha bakwai, in wannan ta wuce ta, ta fita daga sahun ƴan wannan gasa har abada.

Talata bayan la'asar na kai wa Ba Mala wasiƙar. Na same shi a rumfa tare da Sha'ibu, wani Bafulatanin Ngelbeli, abokin wasan Ba Mala, da ke aikin auna gonakin ban-ruwa, ya kawo inji gyara. Yakaka ma tana nan, ta biyo daga lakkwal da jakar littattafanta. Na karanta musu.

"Nawa ta yi?" in ji Ba Mala, alhali ya sani.

"Sha ɗaya da ɗaya."

"Saura sakan arba'in da ɗaya. Ba a samun wannan cikin kwana uku."

"Baba," in ji Yakaka, "a sa sunana kawai. In na je can zan yi."

"Haka aka ce da ni nima." Ya goge hannunsa da tsumma. "Ba zan aika ki a yi miki dariya a Yamai ba. Laifin ba naki ba ne, ƴata. Ni ne ban iya ba. Shekara sha biyu ina mayar da yaran mutane baya. Bana na rufe filin nan."

Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana murza igiyar jakarta. Shi kuma ya miƙe ya sauko da igiyar awo daga ƙusa, ya fara naɗe ta a gwiwar hannu kamar mai shirin jefa ta cikin buhu.

Sha'ibu ya ajiye kofin shayinsa.

"Kai bawana, wannan abin ɗaure jakin ne kake auna fili da shi?"

"Fillo, ka yi shiru. Me ka sani ban da wutsiyar saniya? Metir ashirin ce cif."

"Wannan? Na rantse da sandar kakana, ta fi. Dubi ƙullin nan, kamar kan jariri. Ga wani can."

"Ɗauri ne. Sau biyu ta tsinke na haɗa ta."

"Ka haɗa da me?"

"Da guntuwar wata."

"Ka sake aunawa?"

Ba Mala ya juya igiyar a hannunsa. Sha'ibu ya tafi motarsa ya dawo da tef ɗinsa na awo, mai metir talatin. Ya ce in igiyar ta yi ashirin daidai, zai yarda Barebari mutane ne. Aka shimfiɗa ta a kan hanya gaban rumfa. Ni na danne bakinta ɗaya da ƙafa, Yakaka ta ja ɗayan. Sha'ibu ya durƙusa, ya daɗe yana kallo don ya ja mana rai.

"Ashirin da ɗaya da santimetir sittin."

"Ƙarya tef ɗinka yake. Kayan Bafulatani ne, yunwa ta sa ya ƙanƙance."

Ba Mala ya tsallaka hanya da kansa, ya karɓo tef ɗin tela, mai metir ɗaya da rabi. Ya durƙusa cikin ƙura yana ɗorawa yana ƙirgawa, mutanen da ke wucewa suna tsayawa. Sha huɗu ya ƙirga, ga kuma saura. Ya auna sauran. Sittin.

Ni kuwa na riga na juya bayan wasiƙar ina lissafi. Zagayenmu metir ɗari huɗu da talatin da biyu ne. Zagaye bakwai da rabi, dubu uku da ɗari biyu da arba'in. Na yi lissafin sau biyu, na ba Sha'ibu ya yi a wayarsa, muka dace.

"Malam Nasidi," in ji Yakaka, "me ke nan?"

"Ke nan duk Asabar kina ƙara metir ɗari biyu da arba'in da ba wanda ya tambaye ki. In an cire su, kin yi goma da sha biyu."

"Goma da sha biyu ai ya yi ƙasa da goma da ashirin."

"Ya yi."

Ta sa hannu biyu ta rufe baki, ta juya ta yi gudu har bakin masallaci ta dawo, ba don komai ba. Ba Mala yana nan durƙushe da tef ɗin tela a hannu.

"A wace shekara igiyar ta fara tsinkewa?" na tambaye shi.

"Shekarar da injin Alhaji Tsoho ya faɗa kogi. Ta biyu kuma shekarar babbar ambaliya."

Kaye na biyar da kaye na takwas ke nan. Na ce to sai in rubuta wa Yakaka goma da sha biyu in aika.

"A'a," in ji shi. "Wannan alƙalaminka ne ya yi, ba ƙafarta ba. Jibi za ta yi shi a gaban agogo."

Laraba muka wuni a fadama. Sha'ibu ya bar aikinsa, ya kafa turaku, ya ja layi biyu miƙaƙƙu da lanƙwasa biyu, yana yi yana zagin kakannin Ba Mala ɗaya bayan ɗaya. Matan unguwa suka kawo toka a kwanoni. Sabuwar da'irar ta zauna cikin tsohuwar, tsakaninsu taku biyar ko shida. Ba Mala ya bi wannan tsakanin da ƙafa har ya zagaye.

Alhamis da hantsi Madam Kulsum, sufetar wasanni ta biron namu, ta zo da nata agogon don a samu shaida biyu. Ban san wanda ya baza labari ba, amma mutane sun bar shanyar tattasai sun cika bakin fili. Wasu a kan amalanke, wasu a kan tudun kogi. Ƙararrawar zagayen ƙarshe wani tsohon ƙarfen inji ne da Ba Mala ya rataya a bishiya, yana dukansa da sifana.

Don a yi goma da ashirin, kowane zagaye yana son sakan tamanin da biyu. Yakaka ta tashi tare da ƴan mata uku, kafin rabin zagaye ta bar su. Cikakken zagayen farko ta yi shi a saba'in da takwas.

"Rage," Ba Mala yake ce mata da Barbarci, yana bin gefen layi. "Rage, da saura."

Ba ta rage sosai ba. Tamanin. Tamanin da ɗaya. A zagaye na huɗu jama'a sun gane lissafin, in na ɗaga murya na faɗi lamba sai su maimaita, ta bi baki har can tudu. Na biyar ta yi tamanin da huɗu, kafaɗunta sun fara hawa. Mahaifinta, wanda ban taɓa jin muryarsa sama da ta gaisuwa ba, ya cire hula yana kaɗawa yana kiran sunanta. Na shida, tamanin da uku. Ba Mala ya doki ƙarfen nan har sifana ta kuɓuce masa. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta buɗe taku, toka na tashi a bayanta, mata suna guɗa tun ba ta shiga lanƙwasar ƙarshe ba.

Agogona ya ce goma da bakwai. Na Madam Kulsum ya ce goma da takwas.

"Rubuta takwas," in ji Ba Mala, yana haki kamar shi ya yi gudun.

Juma'a ƙarfe tara wasiƙa ta fita, lamba sittin da ɗaya. A watan Maris Yakaka ta yi kwana biyu a mota zuwa Yamai, ta sa takalmin gudu mai ƙusoshi karon farko a rayuwarta, ta yi tara da hamsin da takwas. Aka sa ta cikin tawaga.

Kafin ranar gasa Ba Mala ya ba ni wani aiki. Ya ce in koma kaye na biyar zuwa na sha biyu, in gyara lokacin kowane yaro. Na gaya masa ba zai fita daidai da sakan ba, don ba mu san yadda igiyar ta riƙa miƙewa kowace shekara ba, sai dai kusa. Ya ce kusa ma ya fi abin da ya gaya musu. Yara sittin da uku ne. Na rubuta wa kowa ƴar takarda, ya riƙa bin su gida-gida a kan keke.

Guda ɗaya ce ya ce in raka shi. Ta Inusa ce, wanda ya yi gudun metir dubu biyar a kaye na tara. A lokacin an nemi sha biyar da hamsin, mu kuma muka rubuta masa sha shida da hamsin, Ba Mala ya ƙi aika sunansa, yaron ya bar gudu. Mun same shi a kasuwar Difa yana loda buhunan tattasai a babbar mota, shekararsa ashirin da ɗaya. Ya karanta takardar. Sha biyar da arba'in, ko kusa da haka.

"Ashe na isa," ya ce.

"Ka isa. Ni na tare ka. Ka yafe mini."

Inusa ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Baba, yanzu ba zan iya cewa komai ba. Yaushe Yakaka za ta yi gudun?"

"Asabar ta sama, ƙarfe huɗu."

Ya zo. Mun taru a rumfar Ba Mala, an jingina wayar Sha'ibu a jikin wani inji, mutum wajen arba'in suna leƙen allo mai faɗin tafin hannu. Na gaba suka zauna a ƙasa, na baya suna tambaya. Ƴan mata sha huɗu ne a layi, daga ƙasashe tara. Da aka nuno Yakaka da rigar ƙasa, da ɗan hijabinta na gudu, mahaifiyarta ta miƙa hannu ta taɓa allon, hoton ya ɓace, aka yi ta faɗa har Sha'ibu ya dawo da shi.

Ba Mala bai zauna ba. Abu ɗaya yake tsoro, kuma duk mun san shi, kada na gaba su zagayo su same ta.

Bindiga ta tashi. Wasu ƴan mata huɗu daga ƙasashen tsaunuka na gabas suka fice kamar metir ɗari takwas za su yi. Yakaka ta zauna ta goma sha ɗaya. Na danna agogona tare da nasu, ina faɗa wa na baya. Saba'in da bakwai. Saba'in da takwas. Ta wuce ɗaya. A zagaye na huɗu ta wuce wata da ta ruga da wuri ta gaji. Inusa ne ke fassara wa tsofaffi abin da ke faruwa, ya hau kan benci yana nuna musu da hannu yadda ake shan lanƙwasa.

Saura zagaye biyu hoton ya tsaya cik. Wata ƴar da'ira tana ta juyawa a tsakiyar allo.

"Fillo, wayarka ma kiwo ta tafi?"

"Rumfarka ce, bawana, ko iska ba ta son shigowa."

Sha'ibu ya fizgi wayar ya fita hanya da ita a sama, mu duka muka bi shi, mutum arba'in a tsakiyar titi muna kallon hannun mutum ɗaya, har wani mai amalanke ya tsayar da shanunsa. Agogona yana tafiya. Hoton ya dawo daidai lokacin da Yakaka ke shiga zagayen ƙarshe, ta tara, na gaba suna can ɗaya gefen fili, ko kusa da bayanta ba su zo ba. Ta sunkuyar da kai irin na fadama. A miƙaƙƙen layi na baya ta kama ta takwas. A lanƙwasa ta jera da ta bakwai, suka fito tare kafaɗa da kafaɗa, sai a taku goma na ƙarshe ta zarce ta.

Ta bakwai. Tara da arba'in da shida. Na jira allon ya nuna kafin na rubuta, don nawa agogon ya ce arba'in da biyar.

Mata suka ɗauki guɗa. Inusa ya ɗaga Ba Mala sama kamar buhun tattasai, tsohon yana cewa a sauke shi, hawaye na bin gemunsa. Da aka sauke shi sai ya kama hannuna.

"Ba su zagaye ta ba, Sakatare."

"Ko rabin fili ba su ba ta ba."

Kafin magariba saƙon murya ya shigo wayar Sha'ibu. Muryar Yakaka ce, tana dariya, ana hayaniya a bayanta.

"Baba, ka gani? Filinsu gajere ne. Ina jiran sauran sai na ga an ce an gama."

Sau shida aka sake sa mana shi.

Igiyar tana nan a ƙusarta, jan inji kawai take yi yanzu. Sha'ibu ya bar wa Ba Mala tef ɗinsa, ya ce sadaka ce ga mabuƙata. Da ruwa ya janye bana aka sake zana fili, na buɗe kaye na goma sha uku, na rubuta a shafin farko: zagaye ɗaya, metir ɗari huɗu, an auna da tef a gaban mutum uku. Yara arba'in da ɗaya suka zo Asabar ta farko. Na arba'in da biyu Inusa ne, ya ce tsere bai da iyakar shekaru in ba na matasa ba, a buɗe masa shafi.